Ƙafar Wandon Janar

Telan da ke jikin shagona bai taɓa riƙe bindiga ba. Ko tayar mota ce ta fashe a titi, sai ka nemo shi a ƙarƙashin teburin yanka. Amma duk layinmu Janar ake kiransa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa aka rubuta masa da jan fenti a allon shago, saman hoton almakashi. Ni mai aski ne, bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na katako, don haka duk abin da zan faɗa muku da kunnena na ji shi, wani kuma na gan shi ta ɓular da ke gefen madubina.

Janarancin nasa a waya yake. Akwai wani wasan yaƙi da ya shigo layinmu ya hana kowa sakat: mutum huɗu su kara da mutum huɗu a cikin wata tsohuwar masana'anta, tawagar da ta rage da mutum a tsaye ita ta ci. Da farko Tela shi ne abin tausayin tawagarmu, kafin a ce kwabo an aika shi barzahu. Sai wata rana ana bin sa da harbi, ƙuda ya sauka masa a hanci, ya kai hannu, yatsansa ya zame, sojansa ya yi tsalle da baya ya faɗa cikin bangon wani tankin ruwa. Daga cikin tankin yana ganin kowa, yana harbin kowa, shi kuwa harsashi ba ya shiga. Ranar ya kashe mutum huɗu shi kaɗai, washegari ya kira mai fenti.

Anti Mai Kemis, wadda shagonta ke kallon namu, ita ce ta fi mu hannu a wasan, kuma ita kaɗai ta faɗi gaskiya.

"Tela, wannan ba dabara ba ce, tangarɗa ce," in ji ta. "Masu wasan ne suka manta ba su toshe bangon ba."

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji shi. "Yaƙi ba sayar da maganin mura ba ne, Anti."

Cikin sati guda ya cire ta daga tawaga ya sa Direba a gurbinta. Ni da Mai Walda, sauran 'yan tawagar, ba mu hana shi ba. Ba zan ɓoye muku ba, mu ma mun san Anti ce da gaskiya, amma wanda ake ci da shi ba ya tone-tone. Wata huɗu muka yi muna shiga wasa mu zaga mu zaga, Janar ya shige tankinsa ya gama mana aiki.

To, ranar wata Litinin ya cika nasara ɗari ba a taɓa shi ba, wasan ya ba shi kyautar kakin soja ruwan zinare. Ranar Asabar ɗin satin kuma za mu yi karon ƙarshe da 'yan garejin tsallaken titi, waɗanda muka daɗe muna musayar baƙar magana da su, kuma an shirya za a haɗa wayar Janar da talabijin ɗin shagona kowa ya kalla. Ya shigo mini da waya a sama, baki har kunne, ina tsakiyar yi wa Mai Walda aski.

"Ku miƙe ku gaida kaki!"

Muka leƙa. Riga tana walƙiya, hula tana walƙiya. Mai Walda ya ƙanƙance ido ya matso da hancinsa.

"Janar, kare ne ya ja maka wando?"

Ƙafar dama ta sauka har kan takalmi. Ta hagu kuwa a gwiwa ta tsaya, ga ƙwaurin soja a waje, siriri fes. Na ga fuskar Janar ta sauya. Da hannun sojan ne ya ɓace, ko kansa, da ya haƙura. Amma wando? Shi tela, a nuna shi a talabijin da ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya?

Anti da ta shigo aron tsintsiya ta leƙa ita ma. "Ai wandon ya dace da sojan. Rabi akwai, rabi babu."

Nan fa Janar ya buga ƙirji har tef ɗin awon da ke wuyansa ya faɗi.

"Ku shaida! Kafin Asabar sai kamfanin nan ya durƙusa ya gyara wandon nan. Ranar Asabar kuma in harsashi ɗaya, ɗaya tak, ya taɓa ni, ni da hannuna zan yanke ƙafar wandona ta hagu daga gwiwa, in yi sati guda haka a layin nan, a kuma goge Janar daga allona."

"Mun shaida," in ji Anti, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Ya koma shago ya lulluɓe keken ɗinki da zani, alamar yau aiki ya fi ƙarfin zare. Yana rubuta saƙon yana karantawa da ƙarfi don mu amfana.

"Zuwa ga shugaban kamfani. Ni ne Janar, ba sai an gabatar da ni ba. Shekara ashirin da biyu ina ɗinki, ban taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Na ɗora tef a fuskar waya na auna. Ƙafar dama inci ɗaya da rabi. Ƙafar hagu inci ɗaya ba kwata. Ku kira telan da ya yi wannan aika-aika ku sallame shi, in kuma ba ku da wani ku yi magana."

Bai ajiye wayar ba amsa ta shigo. Ya rugo shagona.

"Ji nan, ji nan! 'Sannu ɗan wasa mai daraja. Saƙonka yana da muhimmanci a gare mu. Muna kan aiki a kai. Ka gwada kashe wayarka ka sake kunnawa.' Kun gani? Ko minti ba a yi ba. Jikinsu rawa yake."

"Ni ma haka suka ce mini lokacin da na manta lambar sirri," in ji Mai Walda.

"Kai ma mai daraja suka ce maka?"

"Har sau biyu."

"To kuskure suka yi."

Ya kashe waya ya kunna. Wando yana nan yadda yake. Sai dai yanzu hular sojan ta tashi daga kansa, tana shawagi a sama da tazarar tafin hannu, duk inda ya je tana bin sa.

Ana cikin haka Malama ta iso. Malamar firamaren ƙarshen layi ce, mace mai magana a hankali wadda yara ke tsoro fiye da masu ihu. Sati biyar ke nan da ta kawo yadi a ɗinka mata rigar da za ta sa ranar Lahadi, ranar da 'yarta za ta karɓi takardar gama jami'a. Na manna ido a ɓular bango.

"Malama, sannu da zuwa! Aikinki yana da muhimmanci a wurina. Ina kansa."

"Saura me, Malam Tela?"

"Zif kawai. Ki dawo jibi."

Yadin kuwa ina hango shi a ƙarƙashin tebur cikin ledarsa, ko ninkin kanti ba a warware ba, a kansa ma yake ɗora waya in yana caji. Tana fita ya dawo wurina yana huci, wai mutanen kamfanin nan ba su da tsoron Allah, sai su ce wa mutum suna kan aiki alhali ko taɓawa ba su yi ba. Na dube shi na ce lallai, wanzami ba ya son jarfa. Ya ce ina ruwansa da sana'ata.

Ranar Talata suka aiko da shawara ta biyu: ya share tarkacen da suka cika masa waya. Janar ba ya yin abu rabi-rabi, ya shiga ya share duk abin da ya ga yana sharuwa. Abin da ya manta shi ne yadda yake ajiye awon mutane. Shi ba ya riƙe littafi. Da alli yake rubuta awo a kan tebur, ya ɗauki hoto, ya goge da hannun riga. Awon mutum sama da sittin ya tafi a danna ɗaya, har da na Malama.

"Yanzu ya za ka yi?" na tambaye shi.

"Tela na gaske da ido yake awo."

Da idon ya ɗinka wa Direba rigar da ya yi wata biyu yana jira, don ya nuna mana. Direba ya saka, hannun riga ya wuce yatsunsa yana lilo, wuya kuma ya shaƙe shi har jijiya ta fito. Janar ya ja da baya ya karkata kai ya ce haka ake yayi yanzu. Wandon soja dai bai motsa ba.

Ranar Laraba ya gano akwai wurin hira kai tsaye, da wata mai suna Mai Taimako. Ya gyara zama a kujerar askina, ya ce mu matso mu koyi yadda ake magana da ma'aikata.

"Ina son magana da oganku," ya rubuta.

"Na gode da tambayarka! Zaɓi ɗaya. Ɗaya, na manta lambar sirri. Biyu, wasa ba ya buɗewa. Uku, wani abu daban."

"Uku."

"Na gode! Zaɓi ɗaya. Ɗaya, na manta lambar sirri..."

"Yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Ban fahimci tambayarka ba."

"Wando! Wando nake magana! Ƙafar hagu!"

"Kana son sayen sabon wando? Duba kantinmu!"

Janar ya miƙe tsaye. "Ni za a tallata wa wando? Ni?"

"Janar, inji ne fa," in ji Mai Walda. "Ba mutum ba ne."

"Inji ya iya raini haka? Mutum ce, kuma na san irinsu. Ka ga yadda take kauce wa magana, tsorona take ji."

Ya yi awa biyu yana fafatawa da ita. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ba ta tarihin yadda ya koyi ɗinki, har ya yi mata alkawarin riga kyauta in ta haɗa shi da babba. A ƙarshe ta tambaye shi ko amsarta ta taimaka masa. Ya rubuta, "Ta taimaki wa?" Ta ce ta ji daɗi da ta taimaka, an rufe ƙorafinsa, kuma ga kyauta saboda haƙurinsa. Ya buɗe wasa. Sojansa na riƙe da wata 'yar lema ruwan hoda mai hoton furanni, kuma duk abin da ya danna ta ƙi ajiyuwa.

Labari ba ya kwana a layinmu. Da yammacin ranar 'yan gareji su bakwai suka tsallako titi a jere, kowa ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu zuwa gwiwa, Ogan gareji a gaba riƙe da lemar matarsa. Suka tsaya ƙofar shagon Janar suka ƙame, suka sara masa, suka juya. Masu shaguna suka fito suna tafi. Har mai gadin bankin kusurwa, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya dafa bango.

"Ku yi dariya," in ji Janar daga bakin ƙofa. "Asabar tana zuwa. Zan ga wanda zai naɗe wando ya gudu."

Ya koma ciki ya dinga aika saƙo kamar mai zuba tsakuwa a rijiya. Na ji shi yana ƙirgawa, sai da ya kai arba'in da uku. Ranar Alhamis da hantsi, ko don sun gaji ne ko don Allah ya ƙaddara, wani ɗan Adam na gaske ya amsa. Ya ce shi ma'aikacin sashen gyara ne, ya ga ƙorafin, amma yana buƙatar bidiyon da ke nuna matsalar a lokacin da ake cikin wasa.

To a nan gizo ke saƙa. Tela in zai nuna aibin wando, sai mai wandon ya tsaya cak, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga ƙafa. A filin yaƙi kuma ina soja zai tsaya yana juyi ba a fasa masa kai ba? Wuri ɗaya ne tak. Janar ya shige tankinsa, ya kunna ɗaukar bidiyo, ya dinga juya soja a natse, abokan gaba na ta ɓarin wuta a jikin tankin, shi yana bayani: "Ku dubi kalmasar nan. Ku dubi inda ta tsaya. Ku manta da masu harbin nan, ba sa iya taɓa ni a nan. Ku dubi gwiwa."

Ina jin haka ta bango na bar kan mutum rabi da aski na ruga na kira Anti. Ta zo ta kalli bidiyon sau ɗaya ta ajiye wayar a hankali.

"Tela, in ka tura wannan ka tura kanka."

"Wando za su kalla. Ina ruwansu da tanki?"

"Ido gare su."

"Anti, mutum in ya kawo mini riga in gyara wuya, takalminsa nake dubawa? Kowa da abin da aka kawo masa."

Ni ma na sa baki. "Janar, don Allah bar wandon nan. Wa zai lura da ƙafar wando ana yaƙi?"

"Kai ma ka koma layin 'yan hassada? Kai da ka bar kan mutum rabi?"

Ya tura. Bai ma tsaya a ɗaya ba, wai haske bai fito da kyau ba, sai da ya tura goma sha uku.

Amsar da ta dawo ita ma da hannun mutumin aka rubuta ta, ba inji ba. Janar ya tara mu ya karanta cike da murna: "Mun gode ƙwarai da gaske. Wannan abin mamaki ne, duk ofishinmu mun taru mun kalla. Don Allah, za ka iya nuna mana yadda kake shiga wurin nan da sojanka yake tsaye, daki-daki?"

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Duk ofishinsu. Kun ji? Waɗanda suka ƙera wasan ne ke neman darasi a wurina."

Anti ta juya ta fita, ta ce tana da mai jiran magani. Mai Walda ya ce in ka ga mutum yana haƙa rami da kwalliya haka, kar ka karɓe masa shebur. Janar ya ɗauki bidiyo na goma sha huɗu, ya nuna kusurwar da ake tsayawa, da yadda ake juya baya, da lokacin tsalle. Ya maimaita sau uku a hankali saboda masu nauyin kai.

Ranar Juma'a saƙo ya zo cewa gobe da safe za a saki gyara. Yana cikin zagaya layi yana nuna wa mutane, Malama ta tare shi a ƙofar shago.

"Malam Tela, jibin ta wuce."

"Malama, an samu 'yar tangarɗa ne. Amma ina kansa. Gobe."

"Gobe ƙarfe nawa?"

"Da yamma, bayan wani ɗan taro."

"To zan zo taron," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, amma ni da ke bayan katako sai da na gyara tsayuwa.

Asabar ta zo. Tun ƙarfe uku shagona ya cika, na fitar da kujerar aski waje aka jera bencuna, waɗanda ba su samu wuri ba suka maƙale a taga. 'Yan gareji huɗu suka zauna a dama da wayoyinsu, mu uku a hagu. Malama ta samu gaban benci ta zauna, jaka a cinya. Sai ga Janar. Ya sha farin wando da ya ɗinka wa kansa musamman, da zaren zinare a gefe, karin guga kamar ya yanki mutum. Wandon ne, na gane daga baya, ya cinye ranakun da ya kamata a yi rigar Malama.

Aka haɗa wayarsa da talabijin. Wasa ya ce sai an sauke sabon gyara, aka jira. Da ya gama, wata doguwar sanarwa ta cika allo.

"Tsaya a karanta," in ji Anti daga bakin ƙofa.

"Wa ke karanta wannan?" Ya danna ta wuce.

Sai ga soja. Hula ta zauna daram a ka. Ƙafar wando ta hagu ta sauka har kan takalmi. Lemar dai tana nan, amma wa ya damu? Janar ya haye benci, ya zaro tef daga wuya ya auna ƙafafun a jikin talabijin ɗina.

"Daidai wa daida! Na ce sai sun durƙusa ko ban ce ba? Kamfani guda, mai ofis, mai ma'aikata, tela ɗaya ya tanƙwara shi! Yanzu saura ku." Ya nuna 'yan gareji da tef. "Wanda yake da wasiyya ya faɗa."

Aka yi tafi, har ni. Na ma fara tunanin ko Anti ce ta cika tsoro.

Aka fara. Janar ya zura da gudu zuwa tanki, lema na kaɗawa. Ya tsaya a kusurwa, ya juya baya, ya ce wa jama'a, "Ku buɗe ido, ba kullum ake ganin wannan ba." Ya yi tsalle.

Ƙum! Soja ya bugi tanki ya dawo ƙasa.

"Ɗumama jiki ne," in ji shi. Ya sake. Ƙum!

"Netwok ne. Wa ya kunna bidiyo a nan? A kashe!"

Ƙum! Ƙum!

Mu kuwa a can gefe ana ta yi mana kisan kiyashi. Wata huɗu ba mu harbi kowa ba, yatsunmu sun manta hanya. Direba ya jefa gurneti ya faɗo a ƙafarsa. Mai Walda ya ɓuya a bayan ganga, ganga ta fashe. Ni ina neman inda ake sauya bindiga aka sallame ni. Cikin minti biyu saura Janar shi kaɗai.

'Yan gareji ba su harbe shi ba. Su huɗun suka tako a hankali suka kewaye shi, suka sauke bindigogi, suna kallon soja mai kakin zinare yana ta buga ƙeyarsa a tanki. Zufa ta jiƙa wuyan rigar Janar.

"Janar," in ji Ogan gareji, "ko a ƙwanƙwasa maka ne? Wataƙila masu gidan sun fita."

"Dabara ce! Jan ku nake yi!"

"To ga mu mun jawu."

"Harbe su mana!" na daka masa tsawa. "Bindiga ce a hannunka!"

Ya lalubi wurin harbi. Da yake bai taɓa harbi ana kallonsa ido da ido ba, yatsa ya sauka a wani wurin. Soja ya ɗaga lema sama ya kama rawa, yana karkaɗa ƙugu a gaban mutum huɗu masu bindiga. Shagon ya kece. Wani a taga ya yi dariya har ya faɗo cikin kwandon gashi. Janar ya danna, ya danna, soja ya bar rawa ya zura da gudu, ya zagaya tanki sau biyu, ya dawo inda ya taso.

Ogan gareji ya ɗaga bindiga ya sakar masa harsashi ɗaya tak a mazaunai. Soja ya kife, ƙafafun wandonsa biyu a miƙe, tsawonsu ɗaya.

Janar ya zabura. "Tangarɗa ce! Wallahi tangarɗa ce! Yanzu zan rubuta musu, sai sun soke wasan nan!"

"Kafin ka rubuta," in ji Anti, "bari in karanta maka abin da ka ce ba a karantawa." Ta ɗaga wayarta. "'Mun toshe ɓular tankin ruwa, inda wani ɗan wasa ya yi wata huɗu yana fakewa harsashi ba ya samunsa. Godiya ta musamman ga Janar, wanda ya turo mana bidiyo goma sha huɗu ya koya mana yadda ake shiga. Mun kuma gyara masa wandonsa.' Wannan sanarwar, Tela, duk wanda ya buɗe wasan nan yau a duniya ita ya fara gani."

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Ogan gareji ya kwanta a benci yana dukan katako. Mai Walda, wanda ya sha kashi tare da mu, hawaye yake sharewa. Ni haushi da dariya suka haɗu suka shaƙe ni, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mu ma da muka fake a ƙarƙashinsa mun jiƙe sharkaf. Ana cikin haka talabijin ta yi ƙara, saƙo ya fito ɓaro-ɓaro daga wayar Janar: "An warware matsalarka! Tauraro nawa za ka ba mu?" Anti ta miƙa hannu ta danna masa biyar.

Janar ya fara zare waya daga jikin igiya, yana matsawa wajen ƙofa da gefe-gefe. Mai Walda ya tare hanya.

"Ina zuwa? Akwai maganar wando. Ni na ɗauki nauyin allo, fentina yana shago."

"Ai alkawari kaya ne," in ji Janar, yana shafa karin gugarsa. "Zan cika. Maganarku tana da muhimmanci a wurina. Sai dai yau almakashina ba shi da kaifi, kuma irin wannan yadin ba a yanka shi da gaggawa. Ina kansa. Ku dawo gobe."

Ba wanda ya lura lokacin da Malama ta fita. Sai ganinta muka yi ta dawo, jama'a na buɗa mata hanya. A hammatarta yadinta ne, cikin ledarsa, da ninkin kanti. A hannunta kuma babban almakashin Janar, da guntun alli. Ta ajiye yadin a kan benci inda kowa zai gani, ta miƙa masa almakashin ta wajen mariƙi, yadda ake koya wa yara.

"A'a, Malam Tela," ta ce a hankali. "Wannan aikin yau za ka gama shi. In ka gama, ga nawa, zan zauna in jira."

Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, duk fuskoki ne. Ya dube ni, na kama goge madubi. Sai ya ɗora ƙafar hagu a kan benci, ya ciro tef ya auna daga ƙugu zuwa gwiwa, ya ja layi da alli, don ko a wannan halin ba zai yarda a ce yankansa ya karkace ba. Almakashi ya ci farin yadi, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ƙafar wando ta zame ta faɗi a kan gashin da ban share ba. Ƙwaurinsa ya fito, siriri fes, har ya fi na sojan.

Shekara ashirin da biyu muna bango ɗaya da shi, wannan ne aikin farko da na ga ya gama a ranar da aka ba shi.